Gwaggo Karkato Mai Kitson Furfura

Gwaggo Karkato kowa yake ce mata, kuma da za ka bi layinsu gida-gida kana tambayar sunanta na gaskiya, da sai dai a yi ta kallon juna. Daga bakinta sunan ya fito. Mai kitso ce, kuma tun hantsi har rana ta yi sanyi kalma ɗaya ce ba ta sauka daga harshenta. Da mace ta zauna ta sa kai tsakanin gwiwoyinta sai ka ji, "Karkato. A'a, ba can ba, nan. Karkato mana, ko wuyan na aro ne?" Yara suka fara ɗauka, manya suka karɓe, har mijinta, wanda gyaran keke yake yi a ƙofar gida, in tsokana ta motsa masa sai ya leƙo da baƙin mai a hannu ya ce, "Karkato, yau ba a ci a gidan nan ne?"

Ita ce babba a ɗakinsu, da ƙanne mata reras a bayanta, ga shi mahaifiyarsu ba ta da hannun kitso ko kaɗan. A kan waɗannan ƙanne ta koya, kuma sun ji jiki. Ɗaya daga cikinsu har ta yi jikoki tana cewa gefen kanta na hagu bai yafe ba. Amma kafin Gwaggo ta yi aure hannunta ya faɗa, ya yi laushin da har yarinya mai tsoron mataji takan yi barci ana mata. Tsagarta kuwa miƙaƙƙiya ce kamar an ja zare.

Wurin aikinta bai wuce barandar gidan ba. Akwai 'yar kujerar katako da ƙafarta ɗaya ta taɓa karyewa mijin ya ɗaure da wayar birki, da tabarma, da gwangwanin madara mai ɗauke da mataji da kibiyar tsaga, da kwalbar mai, da wani madubi da ya tsage a kusurwa. A nan matan aure suka zauna, da 'yan mata, da 'yan makarantar da ake jawowa suna turjewa. Mace in an riƙe mata kai bakinta sakuwa yake yi, saboda haka babu labarin unguwar da bai ratsa kunnen Gwaggo ba. Sai dai duk abin da aka faɗa a tsakanin gwiwoyinta a nan yake mutuwa. Da wannan kujera da kekunan mijin suka yi wa 'ya'ya uku karatu. Da mijin ya rasu, Allah ya jiƙansa, ta ɗauka ba za ta ƙara taɓa kan kowa ba. Ba a jima ba wata maƙwabciya ta shigo da kai a tsefe, ta zauna a tabarma. Gwaggo ta share hawaye ta jawo gwangwani.

Tsufa bai yi mata sallama ba, a yatsu ya fara sauka. Da safe sai ta ji sun sandare, sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin su yarda su lanƙwasa. A daidai lokacin kuma shagunan gyaran gashi suka cika titi, masu injin busarwa da kiɗa da manyan madubai, 'yan mata suka yi can. Tsofaffin kawuna ne suka rage mata, su ma kullum raguwa suke. Ana nan wata rana santsi ya kwashe ta a banɗaki. Ba ta ji wani ciwon kirki ba, ɗan kumburi ne a gwiwar hannu, amma kafin yamma babban ɗanta ya iso da mota. Injiniya take ce masa tun yana ƙarami, saboda babu rediyon da ya tsira a hannunsa, kuma bakinta ya kama shi, don yanzu a ma'aikatar ruwa yake aiki.

"Inna, kin gama wahala a duniya," in ji shi yana loda kayanta. "Daga yau sai hutu."

Gidansa a saman bene yake. Aka ba ta ɗaki mai fanka da katifa mai laushi da talabijin nata ita kaɗai. Matar Injiniya, wadda Gwaggo take kira Amarya ko da yake babbar 'yarta ta kusa gama sakandare, mutuniyar kirki ce ta ƙarshe, kuma kirkin ne ya kusa gamawa da Gwaggo. In ta ɗauki kofi za ta ɗauraye, sai a ce, "Haba Inna, kawo." In ta taɓa tsintsiya, "Haba Inna, muna nan?" In ta nufi matakala, sai gidan ya ɗauka kamar an ce gobara. Hatta sukarin shayinta wani ne yake yanke mata yawansa. Abin da ya fi ci mata rai kuwa shi ne baƙi. Za su shigo su durƙusa su gaishe ta, sannan su juya su dubi Injiniya su ce, "Ya jikin Inna?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Ga ta zaune, ko ciwon kai ba ta yi.

Hannunta dai bai ji wannan magana ta hutu ba. Wata safiya Amarya ta shigo falo ta tarar an kitse gezar labule tsaf, ƙanana-ƙanana, daga wannan bango zuwa wancan. Ba a daɗe ba gezar shimfiɗar kujera ta bi sahu. Ranar da ta ɗauko mofar goge ƙasa ta ga ita ma an yi mata manyan kitso har da tufke jela, sai ta zauna a ƙasa ta yi dariya har da hawaye.

"Inna, wannan kuma unguwar ina za ta?"

"Ita kaɗai ce a gidan nan ba ta ce min haba Inna ba," in ji Gwaggo.

Wata tsohuwar maƙwabciya da ta zo gaisuwa ce ta kawo labarin Malama. Malama lissafi ta koyar a makarantar 'yan mata har ta yi ritaya, kuma ita ce mai gashin da Gwaggo ta fi alfahari da shi, mai cika, in an tsefe har tsakiyar baya. Takan zo da tulin aikin ɗalibai tana gyarawa da jan biro ana mata kitso, in an gama ta ɗauki madubi ta ce, "Layin gefe bai miƙe ba, amma kin ci." Ko da gashin ya koma fari fat bai rage tsawo ba. To ita ce aka ce ɓarin jikinta ya shanye, tana kwance a gidan autarta.

Gwaggo ta ce a kai ta. Injiniya ya ce gobe. Goben ta zo ya ce ƙarshen mako. Ƙarshen mako ya zo ya ce ganin mara lafiya zai tayar mata da hankali. Ta bari sai da ya fita aiki, Amarya kuma ta tafi kasuwa, sannan ta ɗauko gwangwaninta daga ƙasan akwati ta saka a jaka, ta yafa mayafi, ta kama ƙarfen matakala ta sauka a hankali tana hutawa. Da ƙafarta ta taɓa titi, ta shaƙi hayaƙin mota ta ji ihun masu talla, sai ta ji kamar an rage mata shekaru. Ta tsayar da tasi.

Autar Malama ce ta buɗe mata ƙofa, da goyo a baya da waya a kunne, idanunta duk sun faɗa don gajiya.

"Gwaggo, ba ta magana yanzu fa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Likita ya ce harshen ya dawo, ita ce dai ba ta so. Abinci ma sai da daga. Mun ɗauka ruɗewar tsufa ce."

Ɗakin tsaf yake, zanen gado wankakke, ga magunguna a jere kan tebur. Malama tana kwance ta ba ƙofa baya, ta ɗaure ɗankwali tamau har kan gira, da wannan zafin da ake yi. Gwaggo ta yi sallama ta zauna a bakin gado.

"Malama, ni ce. Na zo a duba min layi."

Malama ba ta juyo ba. Hannun Gwaggo, kamar yadda ya saba, ya nufi kan Malama da kansa. Malama ta sa hannunta mai lafiya ta damƙe ɗankwalin. Sun jima a haka, sannan ta saki. Gwaggo ta zame shi a hankali. Babu gashi. An aske ƙwal, sai ɗan farin tsiro da ya fara leƙowa.

Daga bakin ƙofa autar ta fara bayani. Gashin ya cukurkuɗe ne tun a asibiti, ya dunƙule kamar tsumma, ita ba ta iya tsifa ba, ga yara ga aiki. Sai wata rana da Malama ta sha magani barci ya ɗauke ta, ta sa almakashi, ta gyara da reza. "Don ta ji iska ne, Gwaggo. Wallahi don sauƙinta na yi."

Sai murya ta fito daga wajen bango, a hankali, kalma tana jan kalma.

"Hannu ne ya mutu. Kunne yana nan. Baki yana nan. Me ya hana... a tambaye ni?"

Autar ta zame ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, goyonta ya taya ta. Gwaggo faɗa ne cike da bakinta, amma da ta dubi yarinyar ta ga yadda ƙashin wuyanta ya fito, sai ta haɗiye rabi.

"Tashi, 'yar nan. Ba mugunta kika yi ba, gajiya ce ta yi miki jagora. Amma ki riƙe wannan da kyau, ko a kwance mutum yake, kansa nasa ne. Zo ki ba uwarki haƙuri, sannan ki ɗumamo min ruwa."

Autar ta rarrafo ta kifa kai a gefen gado tana neman gafara. Malama ta ɗora mata hannu a wuya. Da ruwa ya zo Gwaggo ta goge kan da tsumma mai laushi, ta lakato mai ta fara murzawa daga goshi zuwa ƙeya.

"Gashi ai ciyawa ne, Malama. Kin ga har ya fara. Karkato."

Malama ta karkato. Gefen bakinta mai lafiya ya motsa.

"Me za ki kitsa a nan?"

"Yau ban-ruwa na zo yi."

Dariyar da ta fito ba ta da ƙarfi, amma dariya ce. Kafin Gwaggo ta tafi Malama ta ce a kawo mata shayi, kuma kar a cika madara.

A gindin bene ta tarar da Injiniya yana kai da kawowa, rigarsa ta jiƙe da zufa. Ya daure har suka hau sama, sannan ya buɗe baki.

"Inna, kin san inda ban je nemanki ba yau? Idan mota ta buge ki fa? Idan kika faɗi a titi?"

"Sai in tashi. In na kasa a tashe ni. Kai da kake koyon tafiya ba ka faɗi ba? Na ɗaure ka a ƙafar gado?"

"Mutane za su ce na kasa riƙe uwata, tana bin gidaje da gwangwani."

"Ka riƙe ni, Injiniya, Allah ya yi maka albarka. Riƙon ne ya yi yawa har numfashi yana min wuya. Yau na ga matar da ake yi wa komai ba a tambayarta komai, har ta daina magana. Tsakanina da ita babu nisa."

Sai ga muryar Amarya daga kicin.

"Ka bar ta ta fita, Baban yara. Labulena sun ƙare, kuma jiya na kama ta tana kallon wayoyin bayan talabijin."

Dariya ta ƙwace masa ba ya so. Aka daidaita a kan abu uku: 'yar waya da za ta rataya a wuya, da wani direban tasi da ya sani, da sanda. Wayar ta karɓa, direban ta karɓa, sandar kuwa ta ce shi ya riƙe abarsa. Daga baya ta gano tana da amfani wajen ƙwanƙwasa ƙofa da nuna wa direba hanya, sai ta daina fita ba ita.

Duk mako Gwaggo sai ta je ban-ruwa. Da gashin ya kai tsawon gaɓar yatsa, Malama ta ce lokaci ya yi. Gwaggo ta sa kibiya ta tsaga, layi ya fito miƙaƙƙe kamar da. Ta kama gashin, yatsun suka ƙi. Gajeren gashi ƙarfin yatsa yake so, nata kuwa suna kamawa yake suɓucewa. Ta gwada har zufa ta keto mata, daga ƙarshe ta ce a ƙara masa kwana biyu bai nuna ba. Ranar ba ta ci abincin kirki ba, kuma ba ta gaya wa kowa dalili ba. Washegari ta ce wa direba ya kai ta tsohon layinsu.

Kusa da famfon unguwar akwai wata mai kitson da kowa yake kira Ta-Bakin-Famfo. Tun suna da ƙarfinsu suke ƙwace wa juna kawuna. Gwaggo takan ce kitson Ta-Bakin-Famfo yana ɗage wa mace gira har ta kasa rufe ido. Ita kuma takan ce na Gwaggo kitson lallashi ne, atishawa ɗaya yake warwarewa. Gaisuwarsu ba ta taɓa wuce ɗaga hannu daga nesa ba. Gwaggo ta same ta a tsakar gida kan tabarma, ita ma 'ya'ya sun yi mata ritayar dole, tana korar kaji daga shanya.

"Lale, lale! Yau wace rana? Ko a ƙarshe kin zo koyo ne?"

"Aron yatsu na zo," in ji Gwaggo, ta miƙa mata hannayenta.

Ta-Bakin-Famfo ta dubi kumburarrun gaɓoɓin nan. Ta jawo wa Gwaggo kujera.

"Ni kuma gwiwa ce ta ci amanata. Amma yatsu, ko igiyar shanya kika kawo sai na kitsa."

"Sharaɗi ɗaya ne. Ni ke tsaga, kuma in na ce ki sassauta ki sassauta. Fatar tsufa ba ta shan ja."

"Ke dai yatsun sun tafi, bakin yana nan daram."

Tana faɗa tana laluben mayafinta.

Haka aka yi wa Malama kitson farko, Gwaggo tana tsagawa, Ta-Bakin-Famfo tana kitsawa. "Sassauta!" "Na sassauta!" "Ki ƙara, dubi girarta ta fara tashi." Da aka gama, 'yan layuka ne ƙanana farare, jelarsu ko tsawon ƙwayar shinkafa ba ta kai ba. Malama ta ce a ba ta madubi. Ta daɗe tana kallo, ta juya nan ta juya can, sannan ta ce, "Layin tsakiya ya karkace."

"Ita ce!" Su biyun suka faɗa lokaci guda, kowacce ta nuna 'yar'uwarta.

Malama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Autar tana tsaye tana kallo, sai Gwaggo ta jawo ta kusa ta nuna mata yadda ake tsifa, daga jela ake farawa, da mai, ba a gaggawa.

Autar ce ta ba wata abokiyar aikinta labari, ita kuma ta gaya wa surukarta, kafin ka ce me wayar wuyan Gwaggo ta daina hutawa. Ashe gidaje da yawa akwai tsohuwa a ɗakin baya da kanta ya daɗe bai ga mataji ba. In ita da Ta-Bakin-Famfo suka shiga, 'ya'yan gida za su tarbe su da bayani: "A yi mata mai sauƙi, wanda zai daɗe." Gwaggo sai ta ce, "To, bari mu ji daga mai kan." Ta wuce ta zauna daidai fuskar tsohuwar ta tambaye ta. Wasu sai sun daɗe kafin su amsa, don an jima ba a yi musu irin wannan tambaya ba. Akwai wadda tunaninta ya tafi, ta ɗauki Gwaggo yayarta ce. Gwaggo ta karɓi yayantakar, ta riƙa zana mata iri-iri da yatsa a kan nata kan, har aka zo kan wani ta gyaɗa kai tana murmushi. Shi aka yi mata.

Tambayar nan ce kuma ta taɓa jawo wa Gwaggo abin da ba ta zata ba. Wasu 'yan'uwa mata biyu suka kira su saboda mahaifiyarsu, tsohuwar ungozoma, wadda ta hana kowa taɓa mata kai. Doguwar mace ce mai murya kamar ta namiji, gashinta kuwa cike yake kamar audugar da aka shaƙe a buhu. Ta-Bakin-Famfo tana ganinsa ta fara murza yatsu. 'Ya'yan sun sayo sabon mai, sun shimfiɗa darduma. Gwaggo ta zauna ta ce, "Yaya, wane iri kike so?"

Ungozoma ta ƙura mata ido. "Da gaske kike tambaya?"

"Da gaske."

"To a aske."

'Ya'yan suka ɗauki salati. Ungozoma ta ɗaga musu hannu.

"Tun ina yarinya na tsani kitso. Uwata ta ce a yi, na yi. Miji ya ce yana so, na yi. Duk sun tafi. Ni kuma kafin in bi su ina son in ji ruwa ya taɓa fatar kaina."

"Mama, mutane fa? Me za su ce?"

"Waɗanne mutane? Rabinsu ni na karɓe su, kuma ban ga wanda ya zo da kitso ba."

Ta-Bakin-Famfo ta matso kunnen Gwaggo ta ce wannan ai asara ce, a lallashe ta. Ita ma Gwaggo zuciyarta ciwo take, don rabon da ta ga gashi irin wannan har ta manta. Ta sake tambaya ta ji ko an canja shawara. Ba a canja ba. "Mun tambaya an ba mu amsa," ta ce, ta sa aka kawo almakashi. A rayuwarta ba ta taɓa yi wa gashi haka ba. Da aka gama Ungozoma ta ce a miƙo mata kofin ruwa. Ta juye shi a tsakiyar kai, ruwa ya gangaro mata ta kunne da wuya, ta saki wata ƙara ta murna kamar yarinya a ruwan sama. 'Ya'yan da suka fara da ɓata rai sai ga su suna rige-rigen ƙaro mata kofi.

A hanyar dawowa Ta-Bakin-Famfo ta ɗaure fuska ta juya wa Gwaggo ƙeya. Sai da tasi ta tsaya a ƙofar gidanta, tana ƙoƙarin sauko da gwiwa, ta ce, "Kin san dai ya yi mata kyau, ja'irar tsohuwa."

Malama ta ƙara shekaru a duniya. Ta koma zama a falo, jikokinta suka shiga uku da lissafi, gashinta ya sauko har wuya. Da damina ta rasu. Gwaggo ta yi kuka sosai. Da ta je gaisuwa autar ta ja ta gefe ta ce ana saura kwana kaɗan ta rasu Malama ta ce a yi mata sabon kitso, kuma ta ce ita autar ce za ta yi mata da hannunta. "Ta ce duk layukan sun karkace, Gwaggo, amma na ci." Suka yi dariya suna share hawaye.

Bara ita ma Gwaggo ciwon ƙirji ya kwantar da ita a asibiti, a ɗakin mata mai gadaje jere da juna. Kwanakin farko ko ɗaga kai ba ta yi, Amarya tana gefenta tana ba ta ruwa da cokali. Da ta fara samun kanta sai ta fara kallon kawunan maƙwabta. Ta ari mataji a wurin wata ma'aikaciyar jinya, ta mai da bayan cokalin shayi abin tsaga. Ta-Bakin-Famfo kuwa kullum sai ta zo dubiya, wai ta zo ne ta ga ko an bar mata wasiyya. Gwaggo tana tsagawa, ita tana kitsawa, kafin sati ya zagayo rabin ɗakin sun yi fes.

Ranar sallama Injiniya ya zo da sauri, don yana da taro a ofis. Ya tarar gadonta wayam. Can ya hango ta kusa da taga, zaune a kan gadon wata tsohuwa da tun da aka kawo ta babu wanda ya leƙo ta. Rabin kan matar an tsefe ya kwanta, rabin kuma a dunƙule.

"Inna, an sallame ki. Mota tana waje."

"Na ji. Ba zan bar ta da rabin kai ba."

Ma'aikaciyar jinya ta ce ana jiran gadon. Gwaggo ta ce su ɗauka, ita ai ba a kansa take ba. Injiniya ya dubi agogo, ya dubi uwarsa, ya dubi tsohuwar da ta lumshe ido ana taje mata kai. Ya jawo kujerar roba ya zauna.

"Riƙe min man nan," in ji Gwaggo. "Matso da shi, ka ga hannuna ba ya miƙewa."

Tsohuwar ta buɗe ido ɗaya. "Ɗanki ne?"

"Shi ne. Injiniya ne, amma yana koyo."

Da hannu ɗaya ya kira ofis ya ce su fara ba shi. Sai bayan azahar suka fito. A mota Gwaggo ta jingina ta rufe ido, ya ɗauka barci take. Suna kusa da mararraba ta taɓa masa kafaɗa.

"Bi ta bayan kasuwa. Matar can ta ce tana da yaya a wajen, wadda ta daɗe ba ta fita, kuma ba ta ma san ƙanwarta tana kwance ba."

"Inna, likita fa ya ce ki kwanta ki samu ƙarfi."

"Ai ba aiki zan yi yau ba. Saƙo zan kai, in ga gidan."

Injiniya ya girgiza kai, ya kunna sigina ya karya kwana.